Mayen Ƙarfe a Rumfar Audi

Audi mai zubin tukwane ya shekara talatin yana leƙen cikin wuta, kuma wuta ba ta yi wa kowa aikin banza, sai ta karɓi ladanta. A shekarar da aka fara shari'a a Katsina idonsa na hagu ya yi hazo, na dama kuma da la'asar ta yi sai ya riƙa ganin mutum ɗaya kamar biyu. Hannu yana nan lafiya. Zai danƙi ƙasar zubi ya gaya maka ko ruwan da aka yayyafa mata ya isa. Amma zubi aikin ido ne. Ramin da ake tsiyaya narkakken alminiyum ta cikinsa bai fi bakin kwalba ba. Ka kuskure shi tukunya ta lalace, in ba ka yi sa'a ba har da ƙafarka. Shi ya sa duk rumfar nan da ke gefen hanyar Daura zuwa Mai'adua, da gidan da take ciyarwa, suka rataya a kan ido biyu, na Jibril, ɗan Audi na fari, mai shekara goma sha takwas.

Audi bai taɓa kiran sunan yaron ba. Ɗan fari ne, haka ya taras ana yi, haka ubansa ya yi masa. In aiki ne ya ce "Kai", ya nuna da haɓa. In a gaban mutane ne ya ce "wancan". Duk maganar da ta wuce ta aiki kuwa sai ta bi ta bakin Goggo Lami, yayar Audi, wadda ta goyi yaron tun daga yaye.

Ranar wata Talata cikin bazara Dabo ɗan gwangwan ya sauke wa Audi kaya daga Kongolam a bayan a-kori-kura. Fasassun tukwane, gwangwanayen lemo, tsofaffin murafan inji. A ƙarƙashin tulin akwai wani ɓawon inji, toka-toka, ya kai girman tulu.

Dabo ya ce, "Wannan na tsohuwar motar nan ce mai kama da kunkuru, mai inji a gindi. Daga wani gareji a Damagaram aka kwaso shi. Tukunya shida za ka fitar a cikinsa, ka yi mini addu'a."

Audi ya ɗaga shi, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Nauyin bai kai girman ba. Ya ɗauki magagari ya goge gefe ɗaya har ya yi fari, ya aika gida aka kawo lemun tsami, ya matsa a wurin. Da yake ido ba ya ba shi gaskiya sai ya kanga kunne. Wurin yana tsuwa, yana kumfa, kamar an jefa kanwa a ruwan tsamiya.

Dabo ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsohon makaho, yau kuma miya kake yi wa ƙarfe? In kawo daddawa?"

"Ɗauke abinka."

"Motar ta juya, ni kuwa ba jaki ba ne. Na bar maka kyauta."

"Kyautar kunama. Na ce ka ɗauke."

Dabo ya haye bayan wani babur yana dariya ya yi gaba.

Audi ya san ƙarfen. Sau ɗaya ya taɓa ganin aikinsa, yana ɗan koyo a Damagaram wajen wani maigidansa da rabin gemunsa bai sake tsirowa ba. An jefa guntunsa a tukunyar narki bisa kuskure, ya kama. Maƙwabta suka kawo ruwa yadda ake yi wa kowace gobara, wutar ta sha ruwan ta miƙe tsaye, ta ci rumfa uku da jaki. Maigidan nasa mayen ƙarfe yake kiransa, wai duk wuta tana tsoron ruwa, shi kaɗai ne ruwa yake wa abinci. Kuma wanda ya tsura masa ido yana ci, to ya yi ban kwana da idon.

Duk wannan yana cikin Audi. Bai fitar da ko ɗaya ba. Labari ne mai tsawo, mutum kuwa ba ya zama ya ba ɗan farinsa labari. Ya ja ɓawon ya jefa bayan rumfa, ya kife shi da tsohon kwano, ya fuskanci bango ya ce, "Kada wanda ya taɓa wannan."

Jibril ya ce, "To."

Akwai wani Maharazu, abokin Jibril, wanda ya gama sakandare a Daura ya dawo gida yana jiran abin da shi ma bai sani ba. Kullum yana rumfar, in ya ga dama ya juya musu ƙafar keken da ke hura wuta. Shi ne ya yi caraf ya ce, "Baba Audi, ai na san shi. A makaranta maganiziyam ake ce masa. Malaminmu ya taɓa ƙona mana ɗan siririnsa kamar zare, wallahi ajin nan ya yi fari fat, har 'yan mata suka yi ihu."

"Malamin naku ya gaya muku yadda ake kashe shi?"

"Ai da kansa ya mutu."

"Tashi ka ba ni wuri."

Maharazu ya tashi yana murmushi. Audi bai ga kallon da ya yi wa Jibril ba, amma ya ji shirun da ya biyo baya, kuma shirun bai yi masa daɗi ba.

Kwana huɗu aka yi lafiya. A rana ta biyar suna zubin wata babbar tukunya, Audi ya riƙe akwatin ƙasa, Jibril ya ɗauko narki da awartaki ya karkata. Ruwan ƙarfen ya sauka gefen ramin, ya malale a kan ƙasa, ya wuce yatsun Audi da kamar faɗin tsinke. Tun yaron yana shekara goma sha uku bai taɓa kuskure rami ba.

Audi ya matso har yana jin numfashinsa. Idon yaron jawur, yana ta ƙiftawa, hawaye na bin gefen hanci. Gaban rigarsa kuma duk 'yan ƙananan huji, kamar gara ta ci.

"Hayaƙi ne," in ji Jibril, ba a tambaye shi ba.

Audi ya ajiye akwatin. Da aka tashi sallar azahar ya zaga baya ya ɗaga kwanon. Ɓawon yana nan, amma kunnensa ɗaya ya tafi, an goge shi tas. Ya lalubo magagarinsa, haƙoran sun cika da farin gari. A hanyar masallaci kuma ya ji yara suna gardama a kan wai Jibril yana da walƙiya a gwangwanin madara, in aka shiga kangon ɗakin nan na bayan makarantar allo aka toshe ƙofa, yakan barbaɗa ta a garwashi, ka ga har jijiyar hannunka.

Da ya dawo ya wuce ɗakin Goggo Lami kai tsaye. Tana tsince wake a faifai.

"Yaya, ki ja wa wancan kunne. Ƙarfen da ke bayan rumfa ba abin wasa ba ne. Makanta yake yi. In ya kama babba, ruwa ba ya kashe shi, ƙara masa ƙarfi yake. Ko laima ba ya so. Ki gaya masa haka, yadda na faɗa."

"Wace irin wuta ce ruwa ba ya kashewa, Audi? Ta lahira?"

"Ki dai gaya masa."

"Kai me ya hana ka? Baki gare ka, kunne gare shi, kuna wuni rumfa ɗaya."

"Kin san ba a yi."

"To, na ji. Amma ku maƙera kun cika tsoratar da mutane. Kai da kake ɗaukar garwashi da hannu kana yaro, wa ya hana ka?"

Da yamma yana alwala a tsakar gida ya jiyo ta ta cikin zana. "Jibirilu, ubanka ya ce ka bar wasa da ƙarfen nan, ka ji? Wai zai ɓata maka ido. Zo in ɗiga maka ruwan gishiri." Shi ke nan abin da ya isa. Maganar ruwa da ta laima ta zube a hanya kamar hatsi a ɓulallen buhu. Audi ya tsaya da buta a hannu. Taku biyar ne tsakaninsa da zanar. Ya ƙarasa alwalarsa ya fita.

Washegari da sassafe ya ɗauki ɓawon shi kaɗai, ya kai gindin wata aduwa a bakin gonarsa, ya haƙa rami har gwiwa ya binne, ya ja ƙaya ya rufe. Ya dawo yana ganin ya gama da maganar.

A makon nan ake shirin auren Saminu, yayan Maharazu. Tun da shari'a ta zo aka daina kiɗa a garin, ba kalangu, ba rawar dandali. Samari kuwa jini ne, in ka toshe nan ya ɓulla can. Sai gasar ta koma kan babura ranar kawo amarya. A watan da ya wuce 'yan unguwar gabas sun rako tasu da babur arba'in da biyu, ana ta zancen har Mashi. Su Maharazu sun ƙirga nasu da na aro, tara. Audi yana jin su a bakin rumfa suna ƙus-ƙus, in ya matso su koma zancen ƙwallo. Jan idon Jibril ya ragu, zubi ya dawo daidai. Sau biyu Audi ya yi niyyar zagawa gindin aduwar ya duba ƙayar, sau biyu aiki ya sha kansa.

Lahadi ita ce ranar kawo amarya, kuma ita ce kasuwar Mai'adua. Audi ya ɗaure tukwane ashirin da ludaya. Ya nuna wa Jibril kayan da haɓa. Yaron ya sunkuyar da kai, Goggo Lami ta amsa masa daga ƙofar gida. "Bar shi yau, bikin abokinsa ne. Ya riga ya jiƙa maka ƙasar gobe tun da asuba, ya rufe ta da buhu. Me kuma kake so?"

Audi ya tafi shi kaɗai.

Rana ta yi zafi ranar, irin zafin da kare ma ba ya haushi. Ya sayar da tukwane goma sha ɗaya. Bayan la'asar yana shan fura a inuwar rumfar wani mai tabarmi sai ga Mati ɗan acaɓa, ɗan garinsu, ya sauke fasinja.

"A'a, Baba Audi, kana nan? Ai na ɗauka kana gida kana hura musu."

"Hura me?"

"Wutar nan mana, wai yau sai rana ta zama biyu a sama! Jibril ya ce yau unguwar gabas za su san babur ba komai ba ne. Sun tono ƙarfen nan da ka binne a gona, tun azahar suke farfasa shi da guduma a rumfarka. Wai garin ƙarfen yana mutuwa da wuri, gara a kunna babban gaba ɗaya, a ɗauko shi a kwanon sarki a ajiye bakin titi in amarya ta iso. Ni ma yanzu zan koma, kada a yi ba ni."

Audi ya ajiye ƙwaryar furar. Bai ɗaure tukwanen ba, bai ce wa mai tabarmi ya duba masa ba. Ya haye bayan Mati.

"Ja."

"Baba, ka bari in sha ruwa."

"Ja, don ubanka!"

Mati ya ja. Duk tsawon hanyar Audi bai ga komai ba sai hazon idonsa da bishiyoyi bibbiyu suna wucewa. Yana ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Suna hawa 'yar gangaren da ake hango garin daga kanta Mati ya rage gudu da kansa.

"La ilaha illallahu. Baba, mene ne wancan?"

Ko Audi mai hazo ya gani. Rana tana sama ba ta faɗi ba, amma a daidai rumfarsa akwai wani haske da ya fi ta. Ba ja ba ne irin na gobara. Fari ne, mai sanyin kala, yana fitowa ta kowace kafa ta zana kamar allurai. Wani farin hayaƙi mai kauri ya miƙe sama sak, ba ya ko karkata.

Kafin su isa rufin ya kama. Mutanen biki sun watso daga gidan su Saminu, mata da ƙananan yara da dattawa, kuma kowa ya yi abin da aka saba yi tun kaka da kakanni, ya ɗauko ruwa. Bokiti, tulu, bahon wanke-wanke, har da mai ɗauke da randar gidan biki su biyu. Audi ya diro tun babur bai tsaya ba, ya faɗi, ya tashi, ya sha gabansu ya ware hannuwa.

"Kada ku zuba! Kada wanda ya zuba ruwa!"

"Audi ya haukace!"

"Rumfarka ce fa ke ci!"

"Ku janye shi!"

Ya kai wa bokitin farko duka ya kife a ƙasa. Ya hankaɗe masu randa. Wata tsohuwa ta zage shi ta uwa ta uba. Wani ya riƙe shi ta baya, Audi ya yi masa gula da gwiwar hannu. "Ruwa abincinta ne! Rairayi za ku kwaso, busasshe, na kan hanya! Ku juya mata baya, kada ku kalle ta!" Liman ne ya fara ajiye butarsa ya durƙusa ya cika hularsa da rairayi. Da aka ga haka sai wasu suka bi, suna zubar da ruwa suna cika bokitai da ƙasar hanya.

Audi ya ɗan ji numfashi ya dawo masa. Ya kare fuska da hannun riga ya juya. Maharazu yana can gefe a zaune dirshan, ya rufe ido da tafi biyu, yana kuka kamar yaro. Jibril ba ya wurin.

Sai ya hango shi a cikin rumfar, baƙi ƙirin a tsakiyar farin. Yaron ya ji an ce ƙasa ake so, kuma ya san inda ƙasa take tuli guda, kusa da wutar fiye da kowa. Ya yaye buhun da ya rufe ƙasar zubin gobe, wadda shi da kansa ya yayyafa wa ruwa da asuba har ta danƙu yadda ubansa yake so. Ya cika kwanon sarki da ita fal. Yaro ne mai aiki da hanzari, Audi ne ya koya masa.

"Kai!"

Mutum ɗari ne a wurin, kowa "kai" yake cewa.

"Kai! Kai! Ajiye!"

Yaron ya ɗaga kwanon zuwa ƙirji, ya taka ɗaya, biyu, ya sunkuya kan ramin wutar don kada ya kuskure.

"Jibrilu!"

Sunan ya fito da ƙarfin da har masu rairayi suka tsaya. Amma kwanon ya riga ya karkata.

Ƙarar ba ta kai ta bindiga ba. Wani "fuf" ne mai nauyi, wanda Audi ya ji a cikinsa kafin kunnensa. Farin ya kumbura ya cika rumfar, ya tofo tartsatsi har kan hanya, kowane ɗigo yana ci gaba da ci a inda ya faɗi. Mutane suka zube. Audi ya shiga da rarrafe, ido rufe, yana lalube. Ya san rumfarsa a makance, ya san inda turmi yake da inda akwatuna suke. Ya damƙi ƙafa ya ja. Gashin hannunsa ya ƙone, wani ɗigo ya huda masa kafaɗa har ƙashi, bai saki ba sai da ya ji rairayin hanya a gwiwarsa.

Rumfar ta cinye. Rairayin da aka tula ya danne wutar a ramin, amma har bayan magariba tulin yana haske daga ciki, ba wanda ya yarda ya matsa. An shigo da amarya ta bayan gari, ba ko hon.

A asibitin Daura aka naɗe kan Jibril da bandeji, aka bar hanci da baki. Likitan ya ce fatar za ta warke, ko da tabo. Idon hagu ya tafi, wannan ba sai an jira ba. Na dama kuwa sai an kwance a gani, kwana goma.

Audi ya yi kwana goman a kan benci a bakin ɗakin. Dabo ya zo da lemo a leda, ya tsaya daga nesa, ya kasa ko sallama, ya ajiye ya tafi. Goggo Lami tana ciki tana ba yaron kunu da cokali. A rana ta uku ta fito ta zauna kusa da ƙaninta ta ce, "Ka ce ko laima ba ya so. Na tuna yanzu." Audi ya ce, "Ni ne mai bakin." Ba su sake tada maganar ba.

A rana ta goma da hantsi aka kira shi ciki. Aka rufe labulen taga. Wata ma'aikaciya ta riƙa warware bandejin a hankali, zagaye bayan zagaye, ta cire audugar, ta goge. Likitan ya ce wa Audi ya tsaya a gaban gadon, daidai fuskar yaron.

"Buɗe a hankali. Yawwa. Wa ke gabanka?"

Fatar idon ta motsa, ta ɗaga. Ƙwayar tana nan, tana yawo hagu da dama, ta bi ta kan fuskar Audi ta wuce, ta dawo ta sake wucewa.

Audi ya matso har gwiwarsa ta taɓa ƙarfen gadon. Ya ce, "Ni ne. Me ka gani?"

Yaron ya juyo wajen muryar. Ya ɗaga hannu ya kare fuska, a ɗakin da labulensa ke rufe.

"Fari, Baba," ya ce. "Ba a kashe ta ba? Har yanzu tana ci."